Da Hajiya a Port Saeed

Bahaushen da ya san Dubai ta hanyar fatauci, Deira ya sani. Can ne Naif da Sabkha, can ne kasuwar gwal, can ne ake ɗaure kaya a miƙa wa masu kago su turo Kano. Port Saeed unguwa ce a gefen Deira ta wajen filin jirgin sama, daga gadar Maktoum zuwa kusa da Garhoud, kuma babu abin da ya haɗa ta da Port Sa'id ta Masar da ke bakin mashigin Suwez. Ofisoshi ne da otal-otal da gidajen saukar baƙi, ga katafaren kantin Deira City Centre da aka buɗe a 1995, ga filin wasan golf a bakin ruwa tun 1993. Mutanenmu ratsa ta kawai suke yi a tasi. Mu kuwa nan muka sauka a watan Janairun 2025, ni da autarmu da mahaifiyarmu, don akwai masauki mai ɗan kicin, kuma tashar jirgin ƙasa na bakin ƙofa.

Hajiya ba baƙuwar garin ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1990 take zuwa saro gwal da abaya da turare, ta koma Kano ta raba wa masu haɗa lefe, wasu su biya nan take, wasu sai bayan biki. Da kuɗin wannan sana'a aka yi karatun yawancinmu. Mace ce da ba ta ajiye lissafi a takarda sai don shaida, komai yana kanta. Da kan ya fara kwancewa, sai muka ce tsufa ne. Ta sa tukunya ta manta, ta yi sallar La'asar sau biyu, ta tambayi Alhaji ko ya dawo alhali ya daɗe da rasuwa. Duk wannan gida ya iya ɗauka. Abin da ya gagare mu shi ne faɗa. Ta kori 'yan aiki bisa zargin sata, ta jefi jikarta da kofi, ta kai wa Auta sanda a gadon baya ranar da ta ce a zo a yi wanka.

A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, sai Yulin 2024 aka buɗe. Wata guda bayan haka hukumomin lafiyar ƙasar suka amince da wani sabon maganin cutar Alzheimer mai suna Leqembi. Ƙanena da ke Abuja ya turo labarin a zauren WhatsApp na gida, ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya kawo sauƙi. Aka yi karo-karo. Kafin mu tashi sai da muka nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu ta intanet kan wata ƙwayar barci da Hajiya ke sha, domin magunguna irin su diazepam da tramadol da codeine, waɗanda a wurinmu wani kyamis kan ba ka ba tare da takardar likita ba, can shiga da su babu izini na iya kai mutum hannun hukuma.

A filin jirgin Malam Aminu Kano sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Ita ke nuna mana layi, ita ke ce wa Auta ta riƙe fasfo da kyau. A Addis Ababa, inda muka sauya jirgi, ta ce ta gaji a kai ta ɗakinta. Da muka isa Dubai kuwa agogo ya yi gaba da awa uku, barci ya rikice, kuma ɗakin da aka ba mu ba shi da ko abu ɗaya da ta sani.

Daren farko madubi ne ya tayar da rigima. Ƙofar durowar kayan sawa madubi ce tun daga sama har ƙasa. Hajiya ta fito daga banɗaki ta ga wata tsohuwa tsaye a ɗakinta tana kallonta ido cikin ido, ba gaisuwa. Ta yi mata magana, tsohuwar ta motsa baki ba ta amsa ba. Ta ɗaga sanda, ita ma ta ɗaga. Sunan kishiyarta ta kira, wadda ta riga ta gidan gaskiya tun muna samari. Auta ta ce, "Hajiya, ke ce fa, madubi ne," sai sandar ta juyo kanta. Ni na zare zanen gado na rataya a kan ƙofar, na ce, "Ta fita, Hajiya, na rufe ƙofa." Ta zauna tana haki, ta ce daman ta san za ta biyo ta.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Ƙarya na yi wa mahaifiyata, kuma a gidanmu ba ƙaramin abu ba ne. Amma gaskiyar da Auta ta faɗa ba ta isa inda Hajiya take ba. A wurinta akwai mace a ɗakin, kuma 'yarta ta goyi bayan macen. Wa zai ga haka bai fusata ba? Tun daga ranar na lura cewa kusan duk faɗan Hajiya yana da hujja, in ka yarda ka tsaya a inda ta tsaya.

Wanka ma haka. Ruwa ne ke zubowa daga sama a kan mace da ta shekara saba'in da wani abu tana wanka da bokiti, ga sanyin na'ura, ga tayil mai ƙyalli da idonta ke gani kamar ruwa ne kwance, ga wata tana cire mata zane. Ba ta gane Auta a wannan lokacin. Abin da ta sani shi ne ana tuɓe ta a wurin da ba ta sani ba. Washegari na shiga Carrefour na cikin City Centre na sayo bokiti da ƙaramar kujerar roba da moɗa. Auta ta kashe na'urar sanyi, ta haɗa ruwa mai ɗumi, ta bar mata zanen a ƙirji, ta miƙa mata soso ta ce, "Hajiya, ga ruwan alwala, ko za ki ɗan watsa gaba ɗaya?" Ranar da ta ƙi, a bar ta. Babu wanda ya taɓa mutuwa don ya tsallake wanka ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da mai gyaran ɗaki ta shigo Auta na kicin. Hajiya ta gan ta riƙe da jakarta tana goge tebur, ta damƙe mata hannu tana ihun ɓarauniya, ta yakushe ta har jini. A Dubai zagi a bainar jama'a ma laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, balle duka. Na tsaya ina haɗa Turanci da guntun Larabci ina ba da haƙuri. Yarinyar, 'yar Filifin ce, ta goge hannunta ta ce kakarta ma haka ta yi kafin ta rasu, ta kuma ba mu shawarar mu rataya alamar kada a shigo, mu riƙa karɓar tawul a bakin ƙofa. Daga ranar na rubuta 'yar takarda da Larabci da Turanci na sa a aljihu, mai cewa mahaifiyata na da ciwon mantuwa, a yi mana uzuri. Ta yi aiki a lif, ta yi aiki wajen direban tasi.

Asibitin da muka je ba shi da nisa. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, an ɗebi jini da fitsari, an yi mata tambayoyi, aka ce ta zana agogo ta ƙi, ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce. Likitar, wata 'yar Sudan mai sanyin murya, ba ta ɓoye mana komai ba. Ciwon ya yi nisa, kuma gauraye ne: akwai alamun Alzheimer, akwai kuma ɓarnar ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini na shekaru ya jawo. Leqembi na waɗanda ciwon ke farkon kamawa ne. A gwajin da aka yi da mutum 1,795, ya rage saurin lalacewar da kashi 27 cikin ɗari a cikin wata 18, bai tsayar da ita ba, bai kuma dawo da abin da ya tafi ba. Ana ɗura shi ta jijiya duk mako biyu, ana bin sa da hoton ƙwaƙwalwa saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini a ciki, kuma a lokacin a Amurka kuɗinsa na shekara dala 26,500 ne. Ta ƙara da cewa ko da Hajiya ta cancanta, ba maganin faɗa ba ne.

Auta ta naɗe hannun riga ta nuna mata shaidar haƙori, ta ce, "To likita a ba mu abin da zai kwantar da ita. Wallahi na gaji."

Likitar ta ce tukuna. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, kuma da ta latsa cikin Hajiya ta gane ta kwana biyu ba ta zagaya ba. Ga kuma turmin haƙori da ya rube. Tsohon da kansa ya rikice ba zai ce maka marata na zafi ba, domin kalmar ta ɓace masa, sai dai ya ture hannun da ya taɓa shi. Ta ba mu labarin wani bincike da aka yi a gidajen tsofaffi a ƙasar Norway, aka wallafa a 2011: mutum 352 masu wannan ciwo, aka riƙa ba wani kaso maganin ciwon jiki a kai a kai, yawancinsu farasitamol kawai, sai tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari, da aka daina kuma ya dawo. Game da ƙwayoyin da ake ba masu taɓin hankali, ta ce suna da ranarsu, amma da tsada. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi a kwalinsu cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. A Ingila wani rahoto na Farfesa Sube Banerjee a 2009 ya ƙiyasta cewa cikin mutum 180,000 da ake ba su, kusan 36,000 ne kawai ke amfana, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara. In har ta kai ga ana tsoron rai, akan ba da risperidone kaɗan na 'yan makonni a tsaya. Ƙwayar barcin da muka wahala wajen nemo wa izini kuwa, ta ce a janye ta a hankali, domin tana ƙara ruɗewa da faɗuwa.

Sai ta faɗi abin da ba mu so ji ba: tafiyar kanta ta ƙara dagula Hajiya, kuma duk gwajin nan ana iya yinsa a Kano. Na san haka ne. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato. Ciwon ma ba baƙo ba ne: binciken da likitocin Zariya suka wallafa a 2011 ya samu kusan mutum 3 cikin ɗari na tsofaffin da suka duba suna da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu. Abin da ke hana mu zuwa Dawanau ba rashin likita ba ne, kada a ce an kai Hajiya asibitin mahaukata ne. Fita waje kuwa abin faɗa ne a wajen ɗaurin aure, an ga 'ya'ya sun yi ƙoƙari. Da yawa cikin tafiye-tafiyen neman magani da muke yi da tsofaffi, hankalinmu muke kwantarwa, ba nasu ba.

Dole muka zauna har a gama maganin mara a cire haƙorin. A wannan zaman ne na san Port Saeed da ƙafa.

Faɗan Hajiya yana da lokaci. Daga bayan La'asar, in rana ta fara sanyi, sai ta tashi ta ɗaure kaya ta ce za ta gida, yara na jiranta. Likitoci sun san wannan rikicewar ta yamma sarai. In ka tare ƙofa ka sha duka. Don haka muka daina tarewa. Ina ganin ta ɗauki mayafi sai in ce, "Hajiya, mu biya ta wajen kaya tukuna." Mu sauka, mu ɗauki tasi zuwa bakin ruwa kusa da gadar Maktoum, wadda ita ce gada ta farko da ta haɗa Deira da Bur Dubai a 1963. Nan jiragen ruwa na katako suke jere, wani a jikin wani, masu zuwa Iran da Somaliya da Yaman. Wannan mashigin ruwa shi ne asalin arzikin garin, tun da mai mulkin Dubai na lokacin, Sheikh Rashid bin Sa'id, ya sa aka yashe shi a ƙarshen shekarun 1950 don manyan jirage su shigo. Kaya ne tuli a fili: firji, tayoyi, na'urorin sanyi, buhunan shinkafa, katan-katan an ɗaure da igiya, ba mai gadi. Ma'aikatan, Iraniyawa da Indiyawa da 'yan Pakistan, suna lodi da kafaɗa.

Hajiya na ganin katan sai ta zama wata. Ta tsaya tana ƙirgawa da baki, ta ce wancan ɗaurin ba zai kai ba, ta ɗaga murya ta tambayi wani dattijo mai rawani, "Kam hada?" wato nawa ne wannan. Ya faɗi wani abu yana dariya, ta ce, "Gali!" wato ya yi tsada. Larabcin ciniki da ta koya a Naif yana nan daram, alhali sunan jikokinta ya tafi. Mukan zauna har a kira Magariba, mu koma ta gaji, ta manta da zancen gida. Auta ta ɗauki darasi daga nan: ta sayo littafi da biro da ƙaramar kalkuleta, ta riƙa baje abayoyi a kan gado tana cewa, "Hajiya, duba min, kada a cuce ni." Hajiya ta murza yadi tsakanin yatsu biyu ta ce wannan na banza ne, kuma in ka duba kuɗinsa, gaskiyarta.

Kasuwar gwal sau ɗaya muka kai ta, da safe. Ta shiga wani shago ta zauna kamar jiya ta bar shi, ta sa aka ɗora awarwaro a sikeli, ta tambayi kuɗin giram. Da aka faɗa ta buga tebur ta ce ɓarayi ne, ta miƙe da sanda. A zamanin da kanta ya tsaya, oza ɗaya na gwal bai kai dala 400 ba. A watan da muka je ya haura dala 2,600. Duk 'yar kasuwar da aka ninka wa farashi sau shida a rana ɗaya haka za ta yi. Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, ki bar su, na san wani shagon." Ta ce yawwa, ta fita tana yi musu Allah ya isa.

Durƙuson nan ya fi kowace dabara aiki, kuma ba a asibiti muka koya ba, tarbiyyar gida ce. Littattafan masu jinya na cewa kada ka tsaya a kan mai wannan ciwo, ka sauko ƙasa da idonsa, ka zo ta gaba, ka yi magana a hankali, mutum ɗaya ya yi magana. To ai haka ake gaida uwa a Kano. In na shigo na durƙusa na ce, "Hajiya, ina wuni, ni ne babban ɗanki," ko ba ta gane fuskar ba ta gane gaisuwar. Abin da muka hana kowa shi ne tambayar da 'yan dubiya suka fi so: "Hajiya, kin gane ni? Wane ne ni?" Jarrabawa ce da ta san za ta faɗi, kuma kunya ke juyewa ta zama zagi. In abin ya riga ya tashi, ba a riƙe mata hannu. A ja da baya, a kawar da butar shayi da wuƙa, a fita a ba ta minti goma, a dawo da shayi kamar yanzu aka zo.

Akwai abin da dabara ba ta magance ba. Ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, sai dai "wannan" ko "yayanku". A Port Saeed na ji sunan a bakinta, tsirara, haɗe da tsinuwa, a daren da na hana ta fita da ƙarfe biyu. Auta kuwa kullum sai an ce mata ba a yafe mata nono ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: masu kiran waya daga Abuja da Kaduna su ne 'yan albarka, wadda ke wanke mata jiki ita ce ɓarauniya. Wani dare na tarar da Auta a baranda tana kuka, ta ce, "Yaya, in bakin nan ya kama ni fa?" Na kira wani malaminmu a Kano na sa a lasifika. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, sallah ma ba ta hau kansa ba, to ta yaya tsinuwarsa za ta hau kan mai yi masa hidima? Ya kuma ce mata barci haƙƙinta ne, ba rashin biyayya ba ne ta ce ta gaji. Daga ranar muka raba dare biyu, na karɓi rabin farko.

Bayan an cire haƙorin, marar ta warke, cikin ya saki, faɗan ya ragu sosai, ko da yake bai ƙare ba. Muka nemi jirgin da zai kai mu Kano da sauran rana, muka nemi keken guragu a kowane filin jirgi, Auta ta sa mata 'yan kunne da sarƙa na jabu irin waɗanda muka sayo da yawa, don in ta ɓoye ɗaya a cikin tishu ta ce an sace, a taya ta nema a fito da wani.

A taron gida ƙanena ya kawo maganar Indiya, wani kuma ya ce a kai ta Umara da azumi ko za a dace. Auta, wadda ba ta saba magana a gaban yayyenta ba, ta ce duk mai shawara ya fara zuwa ya kwana mako guda a ɗakin Hajiya. Aka yi shiru, sannan aka rubuta jadawali. Ragowar kuɗin karo-karon aka ɗauki wata dattijuwa mai jinya, aka cire madubin ɗaki, aka sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, aka buɗe mata fayil a asibiti a nan Kano.

Na Abuja ya zo nasa makon bayan Sallah. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauke shi wani mai lefe da ya ci mata bashi tun bikin fari, ta ce ba zai zauna mata a kujera ba sai ya biya. Ya buɗe baki zai ce shi ne wane, Auta ta taka masa ƙafa. Ya zaro dubu biyar ya miƙa da hannu biyu. Ta ƙirga sau biyu, ta rubuta a littafinta, ta ce saura kuɗin awarwaro.